Gidanmu ya fara tsayuwa a kan takarda

Shekara uku na yi ina biyan kuɗin fili a bayan Ɗanbare a Kano, ƙafa 50 da 100. Ranar da na gama biya, niyyata washegari in kira birkila, kamar yadda yayana ya yi nasa. Magini ya zo masa da igiya da toka, ya shata ɗakuna a ƙasa, aka yi bismilla aka fara tono. Sai da gini ya kai linta suka lura ƙofar banɗaki tana kallon falon baƙi, kuma babu wurin haƙa sokawe sai gindin katangar maƙwabci. Dole aka rushe bango biyu. Ina wurin ranar, na ga yadda Yaya ya tsaya shiru yana kallon bulon da ya saya da guminsa ana kwashe shi a baro. Shi da kansa ya ce min, “Kai dai kada ka taɓa ƙasa sai an zana maka.”

Mai zanen da na samu bai fara da tambayar ɗaki nawa nake so ba. Cewa ya yi, “Malam, su wa za su kwana a gidan nan?” Na ce ni da iyalina da yara huɗu, sai mahaifiyarmu da za ta dawo wurina. Ya tambayi ƙafarta, na ce gwiwa na damunta. Ya tambayi inda ake girkin suna da na salla, da inda zan yanka rago, da ko baƙi maza na yawan zuwa min. Mun fi awa guda ana wannan hira, fensir ɗinsa yana ajiye.

Da zanen ya fito, sai na ga amsoshina a ciki. Ɗakin Hajiya babu matakala ko ɗaya, banɗakinta a ciki, tagarta tana kallon arewa inda rana ba ta dukan bango sosai. Sito da banɗakuna ya jera su ta yamma, su sha zafin la'asar a madadin ɗakunan kwana. Ya juya mazaunin kowane banɗaki yadda mai zama ba zai fuskanci alƙibla ba, ba zai ba ta baya ba. Ya bar soro a bakin ƙofa, da lanƙwasa kafin a shiga ciki, don baƙo ba zai hango tsakar gida ba. Wannan dabara ce ta iyaye da kakanni, duk wanda ya shiga tsofaffin gidajen cikin birni ya san ta. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke kwaso hoton gida daga intanet, a cinye filin gaba ɗaya da gini, a bar mata ba inda za su yi shanya ko su hura wuta. Ni kam na yarda an rage min faɗin falo don tsakar gida ta samu.

Mai zanen ne ya ganar da ni cewa aikinsa daban, na injiniya daban. Masu zanen gini hukumar ARCON ke yi musu rajista, injiniyoyi kuma COREN, kuma lissafin rodi da ginshiƙai na injiniya ne. Da zanen biyu muka nemi izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. An ɗan jira, amma ya fito.

Kuɗin da na fi jinkirin cirewa shi ne na sa ido a kan aiki, domin ina ganin ai zan riƙa leƙawa bayan na tashi daga makaranta. Ranar zuba kankaren ginshiƙai na gane amfaninsa. Mai sa idon ya iso tun kafin a kwaɓa siminti, ya durƙusa gaban rodin da aka ɗaure, ya auna kaurinsa. Takarda ta ce milimita 16, abin da ke ɗaure 12 ne. Da idona ban ga bambanci ba, kuma da an zuba kankare shi ke nan, ba mai sake gani har abada. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa mai ɗaurin, “Maigida, kwance za mu yi.” Aka kwance. Ya tsaya ana ƙirga kwanon sarki: ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ya sa yaro ya riƙa ba kankaren ruwa safe da yamma har kwana bakwai, ya ce sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Bulo ma sai ya ɗaga ɗaya ya sake shi ƙasa, in ya ruguje kamar garin kwaki a mayar da motar.

Biyan ma'aikata kuwa mataki-mataki ya tsara min: harsashi, linta, rufi, filasta. Sai ya duba ya sa hannu nake sakin kuɗi. Wannan ya raba ni da rigima da kowa, har birkilan ya ce ya fi son haka, don ya san ranar kuɗinsa.

Yanzu an buga kwano, saura filasta da wayarin, kuma sai albashi ya ɗan taru. Ranar Juma'ar da ta wuce na kai Hajiya ta gani. Ta shiga ɗakinta da ƙafarta ba wanda ya riƙe ta, ta tsaya a bakin taga ta daɗe, sannan ta nuna min wani lungu a tsakar gida ta ce a bar mata shi, zogale za ta shuka.