Panyam da Kerang, ga su nan kusa amma ba ma zuwa

Mu mutanen Jos dai da an ce hutu sai ka ji ana lissafin Abuja ko Kaduna, alhali ga Panyam nan a ƙaramar hukumar Mangu, ka je ka dawo a wuni ɗaya ba sai ka kwana ba. Ranar Asabar muka ɗauki hanya ni da ƙanina, muka bi ta Bukuru muka wuce Barikin Ladi, tun daga nan ido ya fara cin abinci, tafkunan nan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa ga su nan dama da hagu, ruwan ya kwanta luf gwanin sha'awa amma don Allah kar kowa ya ce zai shiga, zurfinsu ba na wasa ba ne kuma sun sha cin mutane.

Panyam ɗin ƙaramin gari ne, ƙasar Mwaghavul ce amma a bakin titi da Hausa za ka yi cinikinka har ka nemi ragi. Abin da aka fi saninta da shi gonar kifi ce, wadda aka kafa tun kafin Najeriya ta samu 'yanci a 1960, manya-manyan tafkuna ne a jere wani na bin wani. Wani dattijo da muka tarar a inuwa kusa da wajen, na ce Baba sannu da hutawa, ya amsa da fara'a ya ce yarana daga ina, da ya ji Jos sai ya yi dariya ya ce ai ku ba kwa zuwa sai dai ku wuce Pankshin a guje. Kuma wallahi gaskiyarsa.

Amma ni inda ya fi tsaya min a rai Kerang ne, wani gari da ke kusa da Panyam. Kowa ya san ruwan Swan, mun sha shi a biki mun sha shi a suna, to daga nan yake fitowa, kuma dutsen da ke tsaye a wajen tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa. Ka sunkuya ka ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun da ke zube, baƙi ne duk jikinsa ƙananan ramuka kamar soso, wannan narkakken dutse ne da ya fito daga cikin ƙasa ya daskare, ramukan kuma iskar da ke ciki ce ta bar su. Shi ya sa ƙasar wajen take da albarka haka, masara da dankalin Turawa har gindin dutsen, mutane na ta aikinsu. Mun ɗan hau sama, numfashi kam ya yi wuya, amma da ka juyo ka hango gonaki da ƙauyuka shimfiɗe sai gajiyar ta tafi. Abin da ya dame ni kawai, waje irin wannan ya kamata a ce 'yan makaranta ana kawo su suna gani da idonsu maimakon zanen da ake musu a allo.

A hanyar dawowa muka tsaya wajen wata mai dankali, na ce Mama nawa bokiti, muka ɗan ja ciniki ta ƙara mana gyara mai kyau, kuma sabon tono ne ƙasa ma ba ta bushe a jikinsa ba.

Wanda zai je, kowa ya san rikicin da yankin Mangu ya sha a 2023, saboda haka ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take kafin ka tashi, ka tafi da suwaita da takalmi mai kama ƙasa, ka nemi izinin mutanen gari kafin ka hau dutse ko ka ɗauki hoton wani, sannan ka kamo hanyar gida da la'asar kar dare ya same ka.