Baba ya shanye maganinsa tas

Shekara shida na yi a makarantar likita, na yi shekarar gwaji, na yi bautar ƙasa, amma ban taɓa tambayar majiyyaci wa ke dafa masa abinci ba sai da na shiga horon likitan iyali, aka tura ni wata cibiyar lafiya a ƙauye. Ɗaki huɗu ne da baranda, sai firjin rigakafi mai aiki da hasken rana. Mutanen garin har yau sha-ka-tafi suke ce mata.

A makona na biyu wani dattijo ya zo da ciwon kai. Na auna jininsa, 180 bisa 110. Na rubuta masa maganin hawan jini mai suna amlodipine da wani magani na biyu, na ce ya rage gishiri, ya dawo bayan mako biyu. Ya ce, "To likita, Allah ya yi albarka." Ban sake ganinsa ba sai bayan wata uku, a kan babur, jikansa na tallafe da shi ta baya. Baki ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa.

Raina ya ɓaci, har na fara faɗa. Malamin asibitin, wanda ya haura shekara ashirin a wurin, ya dafa kafaɗata, ya durƙusa gaban dattijon ya ce, "Baba, maganin da likita ya rubuta, ka sha?" Da ƙyar maganar ta fito: "Na shanye tas. Kan ya daina."

Ashe Baba bai saɓa mini ba. Yadda ya saba shan maganin zazzaɓi haka ya sha wannan, in ya ƙare an gama. Ni ne ban zauna na faɗa masa cewa hawan jini abokin zama ne har ƙarshen rayuwa ba. Da malamin ya ci gaba da jan su da hira, sauran zancen ya fito. Kuɗin magani daga wajen ɗansa mai gadi a Legas yake zuwa, wata ya zo wata ya ƙi. Girkin gidan kuwa tukunya ɗaya ce ta mutum sama da ashirin, da dunƙulenta da gishirinta, kuma surukarsa ce ke yi. Wane dattijon Bahaushe ne zai kira matar ɗansa ya ce ta riƙa ware masa miya? Kunya ba za ta bar shi ba. Ga kunun kanwa kowace safiya. Na ce a rage gishiri, amma wanda na faɗa wa ba shi ne mai riƙe da ludayi ba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na san sunan kowace jijiya da ta toshe a kansa, ban san komai game da gidansa ba.

Tunanin kula da lafiyar mutane tun daga gidajensu da ƙauyukansu ba sabo ba ne. Tun 1978 aka amince a taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage a kansa, kuma a 1992 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da fannin. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko. Shi kansa horon likitan iyali a Najeriya ya yi saiwa ne a asibitocin mishan irin su Evangel na Jos da na Baptist a Ogbomoso, inda likita ɗaya zai duba yaro da safe, ya yi wa mai naƙuda tiyata da rana, ya zauna da tsoho mai ciwon suga da yamma. Sai dai yawancin karatunmu a manyan asibitoci muke yinsa, inda majiyyaci ke isowa bayan ya bi ta kemis, ya bi ta mai maganin gargajiya, ya bi ta ƙaramin asibiti. Ƙarshen ciwo muke gani. A ganina wata biyu ko uku na zaman ƙauye bai isa ba, kuma bai kamata a tura ɗalibi shi kaɗai ba tare da malamin da zai zauna kusa da shi yana sauraron yadda yake tambaya ba.

Nakan tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. Yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Da ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka bi sawu, sai aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. Tambayar da ta warware lamarin ita ce wadda ban yi wa Baba ba: me ake yi a gidan nan?

Malamin asibitin nan ya koya mini abubuwa da yawa, amma shi ma an bar shi shi kaɗai. Littafin ƙa'idojin aikinsa ya tsufa, bangon ya yage. Masu zuwa duba aiki rajista suke ƙirgawa su sa hannu su tafi, ba mai zama ya ga majiyyaci tare da shi. Na tarar yana yi wa kusan duk mai zazzaɓi allura ko da gwajin jini bai nuna maleriya ba, domin in bai yi ba za a ce bai iya aiki ba, a wuce kemis. In ya tura mara lafiya babban asibiti, takarda ba ta dawowa, bai san ko ya yi daidai ko ya yi kuskure ba. Shekara ashirin ke nan yana aiki ba wanda ya ce masa ga inda ka dace, ga inda za ka gyara. Sai muka ware yammacin Alhamis, mu ɗauko katin mutum uku ko huɗu mu tattauna. Ni in kawo abin da littafi ya ce, shi ya faɗa mini gidan waye, wa ke da ta cewa a cikinsa, da ko mijin zai bar matar ta zo awo.

Shi ne ya ba da shawarar mu je gidan Baba, amma mu fara bi ta wajen uwargida. Muka yi sallama, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, ungozomar unguwar ta shiga ciki da saƙonmu. Uwargidan ce ta yi wa surukar magana, aka koma ɗibar wa Baba miyarsa kafin a zuba dunƙule. Muka kira ɗan a waya, muka canza zuwa maganin da kuɗinsa zai iya ɗauka kowane wata. Muka mayar da ranar awon jini ranar kasuwa, tunda dama jikan yana fitowa da babur.

Kafin in bar garin Baba ya fara takawa da sanda. Hannun bai dawo ba. Ranar kasuwar ƙarshe da na yi a can jininsa 140 bisa 85 ne, malamin ya rubuta a wani littafi mai bangon shuɗi da ya buɗe wa masu hawan jini, Baba ne na farko a shafin, sunaye talatin da ɗaya a ƙarƙashinsa.