Matar da na tsayar gaban kyamara

Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis, bayan shekara 13 ina fafutukar kanjamau a Abuja. Wajen walimar bankwana kowa sai ambaton dokar hana tsangwamar masu ɗauke da cutar ta 2014 yake, wai da gumina a ciki. Da gumin nawa kam. Amma duk sanda aka ambaci dokar nan, mace guda ke faɗo mini a rai.

Tuwo take sayarwa a Nyanya. Lokacin ƙudirin na kwance a majalisa muna ta sintiri, sai shugabarmu ta ce 'yan majalisa sun gaji da alƙaluma, a samo mai ɗauke da ƙwayar cutar ta yi magana da bakinta. Ni na samo ta, don ni nake raka ta karɓar magani, ta yarda da ni. Sharaɗi ɗaya ta kafa: "Yaya, zan faɗa musu komai, amma ban da hoto. Dangin mijina ba su sani ba." Na ce ta kwantar da hankalinta.

Muna shiga zauren sai ga kyamarori. Na raɗa wa shugabarmu, ta ce, "Ke, yau ba ranar kunya ba ce." Na ja bakina na tsuke. Da na ga dama da na kama hannun mai tuwon mun fice, ƙofa na nan kusa. Ban yi ba, domin na hango manya suna gyaɗa kai, raina kuma ya kwaɗaitu da nasara.

Da daddare aka nuno ta a labarai. Kafin mako ya zagayo ƙuda ne kawai ke zuwa rumfarta. Uwar miji ta kwashe yaran. Ta bar unguwar, ta yi wata bakwai ba ta leƙa asibiti ba, kuma duk ɗan wannan aiki ya san abin da yanke magani ke haifarwa: ƙwayar ta farfaɗo, ta bijire, sai da aka sauya mata wani. Da ƙyar na gano inda take. Ta ce, "Yaya, na yafe miki, amma kada ki ƙara nemana."

A rahoton masu ba da tallafi, shugabarmu ta rubuta ranar cikin manyan nasarorinmu. Da ƙorafi ya zo kuwa, cewa ta yi ni ce ban karɓi sa hannun amincewa ba. Ban taɓa jin ta tambayi lafiyar matar ba, ko sau ɗaya.

Sauran darussan ba su kai wannan ciwo ba. A nan Abuja, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, har yau Najeriya ba ta cika ba, don haka na daina murna da musabahar minista. Kuɗin da aka rubuta a kasafi daban, wanda aka saki daban. Na biyun ake bibiya. Da Amurka ta dakatar da tallafi a farkon 2025, abin da muka yi shekaru muna faɗa ana mana kallon masu neman fitina ya tabbata: mutum kusan miliyan biyu ba za a jingina maganinsu da aljihun wata ƙasa ba.

Wadda za ta gaje ni na bar mata takardar amincewar da na rubuta da Hausa. Da baki ake karanta wa mutum ita, sau biyu: a gida, sannan a bakin ƙofar zaure, bayan an leƙa an ga ko akwai kyamara.