Dutsen Afi da jemage mai ganye a hanci

Daga Makurɗi muka bi ta Gboko da Katsina-Ala har Obudu, sannan muka gangara kudu zuwa ƙasar Boki a jihar Kuros Riba. Kwalta ta ƙare tun kafin ƙauyen Buanchor, sauran tafiyar a bayan ɗan acaɓa muka yi ta, cikin gonakin koko da ayaba.

Yawancin baƙi goggon biri ke kawo su Dutsen Afi. Ni jemage ya kai ni, har mai yi mana jagora ya yi dariya ya ce, "Malam, duk wannan nisa saboda jemage?"

Ba irin wanda ke cin mangwaro a gidajenmu ba ne. Ƙarami ne, ƙwari yake ci, kuma a kan hancinsa akwai wata fata mai kama da ganye. Ta hanci yake fitar da sautin da kunnenmu ba ya ji, amon ya dawo masa, ya gane abin da ke gabansa cikin duhu. Masana suna kiransa Hipposideros curtus, sunan da masanin dabbobi G. M. Allen ya ba shi a 1921 daga samfurin Kamaru. An yi shekaru 45 ba a gan shi ba, sai a 2016 Iroro Tanshi, 'yar Najeriya mai binciken jemagu, ta gano shi a wannan dutse.

Hawan ya ba mu wuya, ga santsi ga zufa. Da muka zauna hutawa kusa da wani kogo sai hirar ta koma kan dangantaka, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Dangin wannan jemage su ne Hipposideridae, waɗanda a da ake cusa su cikin dangin Rhinolophidae kafin a ware su. A nahiyar Amurka ma akwai jemagu masu ganye a hanci, Phyllostomidae, amma kama da wane ba ta wane. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna na Afi ya fi kusa da jemagen mangwaro a kan waɗancan.

Da magariba suka fara fitowa, ƙanana, suna wucewa fuu ta saman kanmu. Ido ba ya raba jinsunansu a sama. Sai an kama, an auna ƙashin fiffike, an duba ganyen hancin.

A hanyar saukowa jagoran ya nuna mana inda wutar sharar gona ta taɓa tsallakawa cikin dajin. Yanzu, in ji shi, da rani akwai masu sintiri da ke kashe ta tun ba ta hau dutsen ba.