Tayar Sanyi a kan Kwaltar Birnin Kebbi

Shekara 21 ke nan ina neman abinci da taya. Na fara ne a matsayin yaron mai faci a bakin tasha, ina ɗora jak ina kwance noti, har Allah ya sa na buɗe shagon kaina a Birnin Kebbi, inda yanzu nake sayar da sababbin tayoyi tare da yara 4 da ke koyon aiki a hannuna. Cikin masu zuwa wurina akwai matasa masu ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu, gajeru kamar za su taɓa ƙasa, waɗanda aka ƙera domin gudu amma masu su da su suke zuwa ofis da kasuwa kullum. Su ne suka fi kowa faɗawa hannun tayar da Turawa suka yi domin lokacin sanyinsu, galibi ba tare da sun san abin da suka saya ba.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan taya ta yawaita a kasuwanninmu. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, sai kasuwar ta dogara ga abin da ake shigowa da shi daga waje, farashin sabuwa ya zama yana bin dala duk inda ta nufa. Nan ne tayar gwanjo, wadda muke kira Beljiyam, ta samu gindin zama, duk da cewa tana cikin jerin kayan da hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su. A ƙasashen sanyi kuwa, da zarar zanen tayar sanyi ya ragu zuwa kusan milimita 4 sai su cire ta, don daga nan ba ta iya riƙe dusar ƙanƙara yadda ya kamata, har ma a Ostiriya doka ba ta lissafa ta a matsayin tayar sanyi idan ta gaza haka. Tayar da suka yar a can, idan ta iso nan, ido zai gan ta da sauran zane mai zurfi, mai saye ya shafa ya ce ai wannan da sabuwa babu bambanci.

Gane ta ba wuya ga wanda aka nuna wa sau ɗaya. Idan ka danna farcen babban yatsanka a kan zanenta za ka ji yana nutsewa, saboda robarta ta fi ta sauran tayoyi laushi. Kowane tudu na zanen kuma an tsattsaga shi da siraran layuka masu lanƙwasa, kamar an bi shi da reza. A gefenta akwai hoton dutse mai kai uku da ɗigon dusar ƙanƙara a cikinsa, sau da yawa tare da haruffan M+S. Wasu ma za ka ga ƙananan ramuka a jere a fuskarsu, gurbin ƙusoshin ƙarfe ne da aka zare kafin a kawo ta.

A wata bazara, cikin watan Afrilu, aka kira ni da tsakar rana cewa wani matashi da na sani tun yana ƙarami taya ta fashe masa a hanyar Jega. Da na isa na tarar da motar ta sauka daga kwalta ta tsaya a cikin yashi, fatar tayar baya ta hagu ta ɓare gaba ɗaya ta bugi jikin motar har ta lotsa shi, wayoyin ciki sun fito kamar tsintsiya, ƙaurin roba ya cika wurin. Shi kuma yana zaune a gindin wata bedi, hannunsa na rawa. Na tsugunna na share ƙurar gefen tayar da hannun rigata, sai ga hoton dutsen nan, ga kuma lambar da ta nuna tayar ta shekara 9 da ƙerawa. Ya ce mini, "Baba, wallahi ko wata biyu ba su yi ba, kuma mai shagon ya ce 'yan Jamus ne." Na ce masa, "Ɗana, bai yi ƙarya ba a kan inda suka fito, amma bai faɗa maka don wane yanayi aka yi su ba. Ka gode wa Allah da babu babbar mota a bayanka."

Ba zan ɗora laifin duka a kan kasancewarta tayar sanyi ba, domin tsufa da ƙarancin iska da gudu duk sun yi tarayya a ciki. Sai dai ita ce ta buɗe ƙofa. Masu ƙera taya sun yi ittifaƙi cewa amfaninta yana farawa ne idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, lokacin da robar tayar zafi ke ƙandarewa ta rasa riƙo, ita kuma ta ci gaba da laushinta. Mu kuwa ko a tsakiyar hunturu, sa'ad da hazo ya rufe gari ana jin ɗumi da asuba, rana na ɗagawa zafi ke haura 30, a watan Afrilu kuma ya wuce 40, kwalta ta fi haka nesa. A irin wannan zafi laushin da ya zama alheri a can shi ke zama cuta: tudun zanen suna murɗewa a ƙarƙashin mota, motsin yana ƙara haifar da zafi a cikin tayar, tana suɗewa da wuri, idan an taka burki motar sai ta ƙara ja gaba kafin ta tsaya, a kwana kuma direba ya ji sitiyari na yi masa lilo. Motar da aka saya domin ta manne wa hanya, an ɗaura mata takalmin da ba nata ba.

Akwai kuma harafin da ke ƙarshen lambar girman taya, wanda mutane ƙalilan ne ke dubawa, alhali shi ne ke faɗin iyakar gudun da za ta iya jurewa. Q na nufin kilomita 160 a awa, T 190, H 210, V 240, W 270, Y kuma 300. Motoci masu ƙofa biyu yawanci da V ko W ko Y suke fitowa daga kamfani, tayoyin sanyi kuwa da yawansu T ne ko H, wasu ma Q. Ba ina cewa wani ya yi gudun 240 a hanyar Argungu ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da harafin ke nunawa shi ne ƙarfin tayar wajen jure zafin da gudu ke haifarwa, kuma a garinmu kowane ɗan rara na wannan ƙarfi muna bukatarsa.

Duk da haka, zan yi wa tayar sanyi rashin adalci idan na tsaya nan. Bara wani Alhaji maƙwabcina ya zo shago da waya a hannu ya ce, "Malam, ga yaron nan da ke aiki a Kanada, ka ba shi shawara, ya ce kuɗin taya na neman su gagare shi." Yaron yana Toronto, ya sayi Ford Mustang, da ita yake zuwa aiki kullum, lokacin sanyi ya ƙarato, yana tunanin ko zai iya lallaɓawa da tayoyin da ta zo da su. Na tambaye shi abin da aka rubuta a gefensu, ya karanto mini, na gane tayoyin zafi ne zalla. Ban yi masa kwana-kwana ba, na ce ya saya, ko da kuwa zai jinkirta aiko wani abu gida a watan, Alhaji kuma ya gyaɗa kai.

Dalilina shi ne motarsa ta haɗa duk abin da ƙanƙara ke so ta samu. Da tayoyin baya take ja, injinta na da ƙarfi, tayoyinta faɗaɗa ne, ɗan taɓa totur kaɗan a kan santsi bayanta zai juya. Na'urorin da ke hana taya kullewa ko zamewa suna taimako, amma ba sa ƙirƙiro riƙon da robar ba ta da shi. Hukumomin can ma sun san haka: a lardin Kwibek dole ne mota ta sa tayar sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a Jamus doka ta wajabta ta duk lokacin da hanya ke da ƙanƙara, a lardin Ontariyo inda yake zaune kuwa ba dole ba ne, amma tun 2016 an umarci kamfanonin inshora su yi rangwame ga mai amfani da ita. Game da kuɗi na nuna masa cewa yayin da saiti ɗaya ke kan hanya ɗayan yana hutawa a ajiye, don haka kowanne zai daɗe, asarar ba ta kai yadda yake gani ba. Na ja kunnensa ya sa guda 4 cif, kada ya sa biyu a baya kawai gaban ya ƙi juyawa a kwana. Na ce ya nemi waɗanda suka ɗan fi nasa siranta a kan wasu rim na daban masu araha, muddin ba su taɓa burki ba, ya kuma cire su da zarar gari ya yi ɗumi. Na ƙara da cewa motar gajera ce, ranar da dusar ƙanƙara ta taru da yawa cikinta zai zauna a kai ko da wace taya ce, ranar ya hau motar haya.

Wanda ya zo shagona da irin wannan mota, abin da nake duba masa daban ne. Ina neman tayar da girmanta da harafin gudunta suka dace da takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, wadda aka rubuta mata A a wurin jure zafi, mai manyan hanyoyin ruwa saboda damina. Ina nuna masa lambobi 4 na ƙarshe bayan haruffan DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 3523 na nufin mako na 35 a 2023, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara 4 take ba taya daga ranar ƙerawa. Idan rim ɗinsa inci 18 ne ko 19 nakan ba shi shawara ya sauko mataki ɗaya in motar ta yarda, domin taya mai siririn gefe ba ta yafe ramukan hanyar Yauri. Iska kuma da safe ake aunawa da geji kafin taya ta yi zafi, ba da bugun sifana ana sauraren ƙara ba, wanda shi ne abin da aka fara koya mini, na kuma daɗe kafin na rabu da shi.

Wannan tsayuwa tana sa ni asarar ciniki, don akwai wanda zai ji farashin sabuwa ya yi sallama ya nufi inda zai samu huɗu a kuɗin ɗaya, kuma ina fahimtar halin da aljihu ke ciki. Irin wannan nakan roƙe shi, in ya je can, ya dawo da su in duba masa kyauta kafin a ɗaura. Tayar nan ta hanyar Jega kuwa na ɗauko ta na rataye a bangon shago kusa da injin iska, duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, kafin in ba shi sifana, sai ya nuna mini hoton dutsen da yatsa, ya karanta mini mako da shekarar da ke jikinta.