Wayar ƙofar baya

Jiya na miƙa makullin shago, shekara huɗu ina jan wayar intanet da ta kyamarorin tsaro a silin ɗin mutane. Abu ɗaya ne har yau yake min ciwo, aikin kyamarorin wani sito a Kano.

Duk ɗan sana'ar nan ya san ƙa'ida, Cat6, wayar da muke ja, kar ta wuce mita 100, 90 a bango, 10 na gajerun da ake jonawa. Amma gaskiya switch, akwatin da ake jona wayoyin a jikinsa, yana da haƙuri, na sha jan 115 har 120 koren fitila ta kawo lafiya lau, to haƙurin nan ne ya ruɗe ni. Kyamarar ƙofar baya ta kai mita 130 da ɗoriya, na ce oga a sa ƙaramin switch a tsakiya, ya ce kai dai ja kawai ai tana ɗauka. Kuma kwalin da ya siyo CCA ce, alminiyom aka yi wa rufi da jan ƙarfe, ka kankare da reza ka ga fari fat. Na gani da idona na ja bakina na yi shiru, nan ne nawa laifin.

Da hunturu muka yi aikin, komai tsaf. Afrilu na shigowa waya tana gasuwa ƙarƙashin kwano, zafi kuwa rage ƙarfin sigina yake, ga shi da dare in fitilun infrared na gani cikin duhu suka kama kyamara sai ta ƙara jan wuta, PoE ɗin, wato wutar da switch ke turo wa kyamara ta cikin wayar, wat 15.4 yake bayarwa kuma ko a waya mai kyau 12.95 kawai aka lamunce zai isa, balle alminiyom mai tsawon nan. Ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi. In na je da rana tana aiki kamar ba ita ba. Daren da aka kwashi buhuna ba ta ɗauki komai ba. A gaban mai sito oga ya ce yaron ne bai iya matse kan waya ba, aka yanke min rabin albashi.

Ku da kuka rage, ƙaramin testa haɗuwar waya kawai yake nunawa. In gudun layi ya faɗo daga gigabit (megabit 1000) zuwa megabit 100, ku duba ko cikin siraran wayoyi takwas na cikin Cat6 wata ta tsinke. Tsakanin gini da gini ku ja fiber, wayar gilas da ba ta ɗaukar wuta, saboda tsawa. In oga ya ce ja kawai, ya turo ta WhatsApp don ku sami shaida.

An ce har yau wayar tana nan, kyamara kawai suka canza, sau biyu.