Kwana biyun da hannun damana ya ƙi ɗaguwa

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, kuma na daɗe ina fama da asma. Da zarar hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, sai ƙirjina ya riƙa kuka kamar ana busa sarewa, in kwana a zaune jingine da bango. Shi ya sa kafin sanyi ya shigo nakan je Kano ganin likita, in karɓo abin shaƙata.

Bara cikin Oktoba, da na gaya wa likitan ina da niyyar Umara, sai ya ce in yi allurar rigakafin mura. Na ce masa mura kuma har da allura? Ya ce ba ta atishawa da majina da muka saba ba ce. Wata ce da ake kira infuluwenza, mai zuwa da zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki da tari, ta kwantar da ƙato mako guda. Ga mai asma irina, ko mai ciwon suga, ko tsoho, ko mai juna biyu, tana iya gangarawa huhu. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara. Allurar ba ta cikin waɗanda ake yi wa yara kyauta a ɗakin shan magani, sai mutum ya biya, amma hukumomin Saudiyya suna shawartar masu Hajji da Umara su yi ta saboda cunkoso. Na ce to, bismillah.

Malamar jinya ta ce, “Baba, kawo hannu.” Na miƙa na dama, don da shi aka koya mana ba da abu da karɓa tun muna yara. Ba ta tambaye ni da wanne nake aiki ba, ni ma ban san akwai abin tambaya ba. Ta soka a damtse, zafin bai wuce cizon cinnaka ba. Ta ce in zauna minti 15 a kan benci kafin in tafi. Na zauna, na tashi, na nufi tasha.

Har muka wuce Gujungu ban ji komai ba. Sai da na sauka daga acaɓa bayan magariba na ji damtsen ya yi nauyi, kamar wanda ya wuni yana faskare. Da dare na kwanta a gefen dama yadda na saba, na zabura. Wurin ya tasa kaɗan, ya yi ɗumi, ko riga ta goge shi sai in ji. Kafin asuba jikina ya yi lis, kai yana sara, ga ɗan zazzaɓi. Da na tsaya salla na zo ɗaga hannu in yi kabbara, na hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a kafaɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne riɗina ya nuna. Wanda ya san riɗi ya san ba ya jiran kowa. In ka makara da yanka, kwanson ya buɗe, rabin amfanin a ƙasa zai ƙare. Ga lauje, ga gona, ga hannun da ya ƙi riƙe lauje. Dole na ƙara ’yan ƙwadago biyu da ban yi lissafi da su ba, na zauna a gindin ƙirya ina kallo.

Kafin hantsi labari ya zaga unguwa. Uwargida ta ɗora ruwan zafi za ta gasa mini, ta ɗauko man zafi. Wani maƙwabci ya ce a kira wanzami ya kafa ƙaho a zuƙe dafin. Yayana ya shigo ya tsaya a kaina ya ce, “Ka je da lafiyarka ka sayo ciwo da kuɗinka. Ka manta abin da aka yi wa yara a Kano shekarar sanƙarau?” Gwajin wani sabon maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a 1996 yake nufi, wanda raɗaɗinsa na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003. Ban ga laifinsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni kaina a wannan safiya zuciyata ta fara raya mini ko murar aka zuba mini a jiki.

Na aika yaro ya kira malamin asibitin ƙauyenmu. Ya duba wurin, ya danna gefe da gefe, ya sa na juya kafaɗa. Ya ce, “Malam, wannan ba komai ba ne, allurar ce take aiki.” Ya zauna a kan tabarma ya yi mana bayani a gaban kowa. Ruwan da aka zuba rabin mililita ne kawai, cikin tsoka. Babu ƙwayar cuta mai rai a ciki, kasassa ce ko ɓurɓushinta, don haka ba za ta iya sa mutum mura ba. Garkuwar jiki ce ta ga baƙo ta taru a wurin, shi ne kumburin da ɗumin, kuma shi ne ɗan zazzaɓin da kasalar. Kwana ɗaya zuwa biyu suke wucewa, kariyar kuma sai bayan mako biyu take kankama.

Ya hana ƙaho, ya ce tsaga wurin shi zai jawo gyambo. Ya ce a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa a riƙa ɗorawa, in sha farasitamol, in sha ruwa da yawa, kuma kada in rataye hannun kamar karaya, in riƙa motsa shi a hankali. Wannan na ƙarshen ya fi yi mini amfani. Duk bayan ɗan lokaci sai in ɗaga shi in juya, tsamin yana saki.

Sai kuma ya yi abin da ban zata ba: ya huda mini yatsa ya yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ya ce ƙarshen damina ne, kada mu ɗora wa allura komai alhali maleriya na cin mutum. Gwajin ya nuna babu. Ya ce da zazzaɓin zai wuce kwana biyu, ko kumburin ya riƙa yaɗuwa, ko ciwon ya koma cikin gaɓar kafaɗa ya ƙi tafiya, to a koma asibiti, don wani lokaci akan soka allurar sama da inda ya kamata. In kuwa fuska ko leɓe suka kumbura, borin jini ya feso, numfashi ya sarƙe, wannan ba a jira. Ba kasafai yake faruwa ba, kuma yakan zo ne da wuri, shi ne dalilin zaman bencin nan.

Rana ta uku da safe na ɗaga hannu biyu na yi kabbara, na ɗauki lauje.

Har yau abin da ke ci mini rai ba ciwon ba ne. Bayanin da malamin nan ya yi bai kai minti goma ba, kuma da an yi mini ko kwatansa kafin a soka allurar, da na miƙa hagu, na jira sai na gama yankan riɗi, da Yaya bai sami abin ba da labari a dandali ba. A ƙauye irin namu hannu ɗaya da ya kumbura ba bayani ya isa ya hana iyaye goma fito da ’ya’yansu ranar rigakafi.

A watan Janairu na yi mura, ta atishawa da toshewar hanci. Yaya ya ce ina amfanin allurar? Na ce masa ƙwayoyin da ke kawo mura suna da yawa, ita infuluwenza kaɗai take tarewa, ita ma ba ɗari bisa ɗari ba. Kuma ƙwayar tana sauya kama, shi ya sa ake sabunta allurar duk shekara. Bai gamsu ba, ban kuma matsa masa ba.

Bana sai da na kaɗe riɗi, na ɗinke buhuna, na kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sannan na shiga Kano. Tun kafin malamar ta buɗe baki na naɗe hannun riga na hagu. A kan benci na tarar da wata dattijuwa ’yar wajen Ringim tana shafa damtsenta. Na ce, “Hajiya, zai yi tsami yau da gobe, har da ɗan zazzaɓi. Ki sa ruwan sanyi, ki riƙa motsa shi.” Ta kalli ’yarta ta ce ta riƙe wannan maganar. Nawa kwana ɗaya ya yi ya saki.